Ranar da Surukata Ta Ƙi Shiga Motata

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na je Iku ɗauko surukata a 'yar jar motata.

Motar tsohon yayi ce, irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma in na taka ta a hanyar Sabon Wuse sai kowa ya waiwayo. Kai, na yi ji da kai! Yayana kuwa doguwar motar iyali gare shi ta zamanin nan, kullum cike da yara da doya. Na sha tsokanarsa: "Yaya, wannan ai bas ɗin haya ce, kwandasta kawai ya rage." Sai ya ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ranar da hantsi naƙuda ta kama matata. Haihuwar fari ce, ga ta auta, duk ta tsorata. Da na kai ta asibiti ta riƙe hannuna ta ce, "Don Allah ka ɗauko mini Inna, ina so tana kusa." Yaya, da ya same mu a asibitin, ya miƙo mini makullin motarsa, na ce haba, tawa ta fi gudu.

Gudu kam na yi. Inna ta fito da mayafinta da ƙullin kaya, ƙanwarta na biye da ita. Ta leƙa motar, ta ja da baya. Ko kallona ba ta yi ba, sai ta tambayi ƙanwar tata: "Ina kujerar baya?"

Ƙanwar ta ce mata, "Babu, Yaya."

"To ni zan zauna gwiwa da gwiwa da mijin 'yata? Tun da aka ɗaura auren nan ko tabarma ban taɓa haɗawa da shi ba."

Na durƙusa ina roƙo, ƙanwar na taya ni. Hawaye na zubo wa Inna saboda 'yarta, amma ta kasa ɗaga ƙafa. Ba taurin kai ba ne, kunyar da ta tashi da ita ce, kuma na san da ita, son burgewa ne ya rufe mini ido. Maƙwabta suka firfito kallo. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dole na kira Yaya. Kafin ya ratso cunkoson kasuwa ya kwashe su, ni ina bin su a baya ni kaɗai, matata ta haihu, bayan ta sha wuya sosai. Ungozoma ta ce har muryarta ta dashe tana kiran Inna.

Da aka bar ni na shiga, na fara kame-kame. Ta dube ni a gajiye ta ce, "Abu ɗaya fa na roƙe ka."

Har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Ranar na koyi cewa mai iyali ba da kansa yake auna abin hawa ba, da mutanen da za su buƙace shi yake aunawa.