Kurar Baba Ba Za Ta Shiga Ƙasa Ba

Ina aji huɗu Baba ya cire ni daga makaranta saboda kura. Gardi ne, wasa yake da ita kasuwa-kasuwa, kuma yana neman mai ɗauko mata nama daga mahauta. Ni aka ga damar ɗora wa aikin. Ita ta ci tsoka, ni na ci ɗumame. Ranar da ta cire min yatsu biyu ina ɗaura mata takunkumi, bakinta Baba ya fara dubawa, wai ko haƙori ya taɓu.

A gidanmu na unguwar Kumbiya-Kumbiya ta tsufa, ni ma ƙuruciyata ta ƙare a kwasar kashinta. Da ta mutu, Baba ya ce a bayan ɗakinsa za a binne ta, ya fita neman masu haƙa rami. Ni kuwa na taɓa jin cewa a jami'a akwai ɗakin da ake ajiye matattun dabbobi don koyar da ɗalibai. Na naɗe ta a buhu, na ɗora a baro, na tura har can.

Malamin da ke kula da ɗakin ya ce, "Malam, nawa za mu ba ka?"

Na ce, "Kyauta ce. Ku dai tsayar da ita inda kowa zai gan ta."

Suka feɗe ta, suka cusa wa fatar garin katako, suka sa mata idon gilashi. Tana nan tsaye tsakanin kwalaben macizai da ƙasusuwan biri, baki buɗe, ba abin ci.

Na koma gida na tarar da rami a haƙe. Baba ya ce, "Kai, ina ka kai ta?"

"Makaranta, Baba. Tunda ni ba a bar ni ba."

Har ya rasu bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da ni ba. Allah ya jiƙansa. Ramin ni na cike shi da shara.

Ina leƙa ta lokaci-lokaci. 'Yan mata suna zura mata biro a baki suna ɗaukar hoto, ni ina gefe ina kallo. Bara na ga gashin wuyanta yana zuba. Malamin ya ce ƙwari ne, in abin ya ci gaba sai dai a fitar da ita a binne.

Na tambaye shi sunan maganin. Washegari na kawo da hannun nan mai yatsu uku, na tsaya har aka fesa.