Mai Kunne a Ƙarƙashin Tifata

Mu na Allah ne, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran makanikenmu Mai Kunne, a garejinsa, a ƙarƙashin tifar da nake tuƙawa.

Mai Kunne, mu direbobi muka laƙaba maka sunan, don kafin mota ta gama shigowa gareji ka riga ka ji ciwonta. Zafin zuciya kuwa ba a magana. Ina wurin ranar da ka shinshina man giyar wata tirela ka ce ya ƙone, direban ya ce shi lodi ke jiransa. Ka finciko shi daga kan kujera ta wuyan riga, ka jefa makullin a aljihu. Da yamma kuma kai ka kai shi gida a babur ɗinka, kana tambayarsa lafiyar yara.

Tifar sabuwa ce a hannuna, mai giyar otomatik, ni kuwa shekara ashirin da biyu ina taka kuloci. Duk sanda za ta canja giya sai ta yi harbi kamar an dake ta ta baya, har haƙorana su haɗu. Ka auna mai, ka murza shi a yatsa, ka nuna mini garin ƙarfe a ciki, amma ba ka gamsu ba. Ka tokare taya da waji don kada motar ta motsa, ka ce, "Ƙanena, zan shiga ƙasa in ga inda take bugawa. Taka birki sosai. In na ƙwanƙwasa da sufana, ka sa giya. Kada ƙafar nan ta motsa."

Ka ƙwanƙwasa, na sa giya. Ƙafar hagu ta tafi neman kulocin da babu shi, ta dama kuma ta bar birki ta danna totur, yadda ta saba tun ina saurayi. Birkin hannu bai iya da ita ba. Motar ta zabura, ta tarwatsa wajin, tayoyin baya suka hau ƙirjinka. Har cikin kujerata na ji karyewar ƙashi. Da muka jawo ka, jini na ɓulɓula ta baki da hanci, ka riga ka cika.

Kowa ya ɗora wa giyar laifi. Da na je gaisuwa, matarka da nake kira Yaya ce ma ke ba ni haƙuri, tana cewa, "Kai ma Allah ne Ya tsare ka." Na sunkuyar da kai na karɓa. Kwana tara ke nan kunya da tsoro suna cina.

Allah Ya jiƙanka, Mai Kunne, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya ba iyalinka da 'yan gareji haƙurin rashi, Ya raya yaran nan huɗu da ka bari.

Yaya, ke kuma ki ji abin da na kasa faɗa a gabanki: ba giyar ba ce ta kashe miki miji, ƙafata ce. Gobe da safe zan zo in tsaya a ƙofar gida, duk abin da ke da yaran kuka yanke a kaina, na karɓa.