Huhu Goma Sha Biyu a Tashar Agege

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Nuwamba, 1953, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Iya Hansai, shugabar mata masu zaɓen goro a rumfar Alhaji Ɗahiru da ke Agege. Ni Rahamatu, ƙarama cikin ma'aikatanta, nake wannan rubutu, ina yi ina miƙewa, don zama ya gagare ni.

Iya, shekara uku ke nan da aka kawo ni gabanki, bazawara da goyo, ban san goro mai kyau da maras kyau ba. Ba ki tambayi 'yar gidan wa ce ni ba. Kika ce abin da kike nema wurin sabon hannu kaɗan ne: ya riga kowa zuwa, ya sa ido a hannun na gaba da shi, in bai gane ba ya tambaya ko da za a yi masa dariya. An kuwa yi mini, har da ke, da Yarabanci ma don ta fi ciwo. Amma ranar da ɗana ya yi zazzaɓi, ke kika goya shi, kika haɗa aikina da naki.

Ban manta da kwandona na farko ba. Ashe kin cusa goro mai sankara a ciki, wanda tsutsa ta huda, don ki gwada ni. Na gan shi, na jefar a ɓoye, ina jin na yi gwaninta. Sai kika kama mini kunne a gaban kowa.

Kika ce, "Cirewa ba aiki ba ne, faɗin abin da aka gani ne aiki. Inda aka ga ɗaya akwai 'yan'uwansa. Wadda ta gani ta yi shiru, ita ta ɓata huhun."

To Iya, ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Litinin ina sauri in zo duba jikinki, na ga mai huji ɗaya a gindin kwandon ƙarshe. Na wurga shi bayan rumfa, na bari aka zuba sauran goron a huhu aka ɗaure. Yanzu huhu goma sha biyu suna tasha, jirgin ƙasa mai zuwa Kano zai kwashe su gobe da hantsi, kuma ban san a wanne goron kwandon nan ya shiga ba. Yau kuma a zaman makoki Alhaji ya ce a gaban jama'a ni zan gaji kujerarki, wai ni ce ban taɓa ɓoye masa komai ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

In na faɗa, sai an kwance duka, jirgi ya tafi, kujerar ma wataƙila ta koma wurin wata. Tsoro nake ji ƙwarai. Amma kunnen nan har yanzu yana mini zafi, kuma da na ajiye alƙalamin nan gidan Alhaji zan nufa.

Allah ya jiƙanki, Iya, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. 'Ya'yanki Zuwaira da Hamidu, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku yafe mini in ba ku gan ni a sadakar uku gobe ba. Lokacin ina tasha, ina kwance huhu.