Zanen da Yaya Rabi ke yi a cikin gilashi

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rabi a ƙasar waje, inda take bincike. Na so in rubuta yabo, amma abin da ya faru a gidanmu na Gazawa cikin daminar nan ya hana ni.

Aikinta shi ne harba hasken leza, mai walƙawa ya ɗauke tun ido bai ƙifta ba, a cikin ƙaramin gilashi. Hasken ba ya taɓa bayan gilashin, can a tsakiyarsa yake zana siraran hanyoyi, waɗanda wani hasken zai bi ɗauke da saƙo. Da ta zo hutu ta ce wa mahaifiyarmu, "Inna, kamar yadda kike zana ƙwarya da ƙarfe mai zafi ne, sai dai ni daga ciki nake zanen." Inna ta ce, "Allah ya yi albarka, amma ki kula da idonki."

Bana wata tsohuwar ɗalibarta, wadda yanzu take koyarwa a jami'a, ta biyo motar garin Agiye don ta gaida Inna. Muka taru a tsakar gida, kowa na faɗin kirkin marigayiya. Sai baƙuwar ta dubi ɗiyata, takwarar Rabi, mai shirin shiga lise, wato babbar sakandare, ta ce, "Kin san aikin gwaggonki?"

Yarinyar ta ce, "An ce tana gyaran tabarau a Turai."

Ba wanda ya gyara mata, domin a cikinmu babu mai iyawa. Ni da nake koyarwa a lakol, makarantar boko, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Baƙuwar ta ce a inda suke ba a yaye ɗalibi sai ya karanta binciken Rabi. Daga nan ta zauna da yarinyar har la'asar tana yi mata bayani.

Da Yaya za ta leƙo kasuwar Gazawa a yau, ta ga waya a hannun kowane ɗan kabu-kabu, na san za ta yi murna, domin aikinta ma na isar da saƙo ne. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta dube mu. Mun riƙe hotonta da sunanta, iliminta kuwa baƙi ne suka riƙe.

Yarinyar ta zaɓi ajin kimiyya. Kullum tana dawowa da tambaya, ni kuma a shekaruna na koma karatu, don kada ta sake tambayata in yi shiru.