Haladu Ƙafa-Ƙasa da Biran Kuyello

Duk wanda ya san Haladu ya san ba ya taɓa kayan lantarki da takalmi a ƙafarsa. Ko rediyo ka kai masa gyara, sai ya tuɓe takalmi ya jingine su, ya je ya dafa famfo ko wani ƙarfe da ke kafe a ƙasa, sannan ya dawo ya ce, "To, me ke damunta?" Ku da kuka san shi a nan Birnin Gwari bayan ya yi furfura, wasunku sun ɗauka rikicin tsufa ne, wasu kuma sun ce wani asiri aka ba shi. Babu ko ɗaya! Ni na san ranar da abin ya fara, don ina tsaye kusa da shi.

Ni ne Ayuba, ɗan Kakangi, shi kuwa ɗan Kuyello ne. Tare muka yi karatun injiniyan lantarki a jami'a a Zariya, farkon shekarun tamanin, ɗakin kwananmu ɗaya. Ni Bagware ne Kirista, shi Bahaushe Musulmi, kuma mu biyu ne kaɗai 'yan ƙasarmu a ajin. A lokacin ne aka fara kawo mana 'yar ƙwaƙwalwar nan ta na'ura, wata baƙar aba mai tsawon ɗan yatsa da ƙafafu arba'in, wadda ake rubuta wa umarni ta bi. Mu dai kyankyaso muke ce mata. Malaminmu, wani Ba'indiye mai sanyin hali, ya ɗaga ta sama ya ce mu yi hattara: akwai 'yar wuta a jikin mutum, irin wadda ke sa riga ta yi ƙas-ƙas in ana tuɓe ta, ita kaɗai ta isa ta kashe kyankyason nan. Maganin abin, in ji shi, mutum ya taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya kama ta.

Mu muka ji da kunne ɗaya ya fita ta ɗaya. Haladu kuwa nan take ya sunkuya ya cire takalmi.

Malamin ya ce, "Ba sai ka cire ba, taɓa famfo ya wadatar."

Ya ce, "Dakta, famfo ɗan aike ne. Ni da ƙasar zan yi magana kai tsaye."

Daga ranar suna ya kama shi: Ƙafa-Ƙasa.

Ana nan sai wata rana aka kawo wani babban jami'i daga Kaduna ya ga ɗakin gwajinmu. Babbar riga tana jan ƙasa, mutum biyar a bayansa, shugaban sashenmu yana gaba yana ta bayani. Baƙon ya iso teburin Haladu, ya ga kyankyaso, ya miƙa hannu. Caraf Haladu ya riƙe masa hannun riga.

"Ranka ya daɗe, takalmi."

Wayyo Allah! Ni dai na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Shugaban sashe ya zare wa Haladu ido, shi ko a jikinsa. Baƙon ya dubi ƙafar Haladu, ya ɗauka ƙa'idar wurin ke nan, sai ya tuɓe. Mutanensa biyar suka tuɓe. Shugaban sashe da ya rasa yadda zai yi shi ma ya tuɓe, ashe safarsa a huje take, babban yatsa ya leƙo yana gaida jama'a. Da baƙi suka tafi ya kira Haladu ofis yana huci.

"Don me za ka kunyata ni a gaban manya?"

"Yallaɓai, ni ban ce ka cire naka ba. Kai ai ba ka taɓa taɓa komai a ɗakin nan ba."

Sai da Dakta ya sa baki kafin maganar ta mutu.

Ga kuma tattali. Haladu yana da gwangwanin madara biyu a ƙarƙashin gado, ɗaya ya rubuta masa "Asibiti", ɗaya "Maƙabarta". Duk wani ɗan kayan lantarki da wani ya ƙona ya jefar, sai ya bi kwandon shara ya tsince. Wanda ke da sauran numfashi ya tafi Asibiti, wanda ya mutu murus ya tafi Maƙabarta. Na ce masa, "Kai Haladu, wanda ya mutu kuma me za ka yi da shi?" Ya ce, "Bagware, shi ya mutu, ƙafarsa ba ta mutu ba. Waya ce." Kuma wallahi da waɗannan tsince-tsincen ya haɗa nasa ɗan akwatin na'ura, lokacin da mu sauran muke layi a kan guda uku na makaranta.

Na'urorin wancan zamani ba su da riƙo. Umarni lamba-lamba ake danna shi da yatsa, bibbiyu bibbiyu, wasu lambobi wasu haruffa. Sai ka shafe awa biyu kana dannawa, a ɗauke wuta na ƙiftawar ido, komai ya goge, ka koma farko. Mu mukan buɗe littafi muna kwafa muna tsaki. Haladu ya ce shi ba zai zama bawan takarda ba, ya haddace nasa kaf, har da karin murya ya sa masa. Yana wanka yana yi, yana tafiya aji yana yi: "Uku E, sifili sifili, D uku, sifili ɗaya…"

Da dogon hutu na bi shi Kuyello. Da safe muna zaune a tsakar gida ana dama mana kunu, ya lumshe ido yana bita. Mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, ta ajiye ludayi ta ɗaga hannu. Duk inda ya ja numfashi sai ta ce, "Amin." Ya ci gaba, ta ce, "Amin, ɗan nan." Na ƙunshe dariya har cikina ya ƙulle. Da ya kai ƙarshe ta shafa, ta ce da ni, "Ayuba, ka gani ko? Cewa aka yi boko zai lalatar min da shi."

Na ce, "Haladu, ba za ka gaya mata gaskiya ba?"

Ya ce, "Tun da Inna ta fara sa amin umarnin nan bai taɓa kuskure ba. Kai wa ke sa wa naka?"

To, abin da ya kai ni Kuyello a wannan hutu shi ne birai. Gonar masarar mahaifinsa, Malam Tanko, tana bakin daji, kuma duk shekara in masara ta fara nuna sai gwaggon biri ya sauko da zuriyarsa. Dole mutum ya wuni a kan rumfa yana buga gwangwani yana ihu. Haladu ya ce wannan wahala ta ƙare, shi ne ma zai zama aikinsa na kammala karatu. Ya samo injin waifa, abin share gilashi, na wata matacciyar mota, ya ɗaure masa muciya, ya kafa tsohon daron Inna a gabanta. Ɗan akwatinsa zai riƙa ƙirga lokaci, duk minti goma ya ba injin umarni, muciya ta maka wa daro. Batirin mota muka ɗoro a keke, muna turawa cikin laka har gona.

Malam Tanko ya zagaya abin sau biyu ya ce, "Wannan ne zai tsare min masara?"

"Baba, ka je ka huta. Ka sallami masu gadi."

Ya kuwa sallame su. Ranar farko daro ya yi gwaram, birai suka watse har suna hawa kan juna. Rana ta biyu haka. Haladu yana tafiya a gari kamar shi ya ƙirƙiro ruwan sama. Rana ta uku da hantsi muka je dubawa da Malam Tanko, muka laɓe bayan wata ɗorawa. Me za mu gani! Birai sun yi layi a bakin gona suna jira. Daro ya yi gwaram, sai suka shiga a natse, kowa ya karya abin da zai karya. Can da lokaci ya kusa sai suka fito suka zauna, daro ya buga, suka koma. Babbansu ma bai wahalar da kansa ba, a kan akwatin ya zauna yana ɓare masara, bugu na zuwa sai ya ɗan ɗage wutsiya don kada muciya ta same shi.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi, kuma abincin gidan ne na shekara. Malam Tanko bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haladu, shekara uku kana Zariya. Biri kwana uku ya gama karatun."

Na yi dariya a lokacin, amma Haladu bai ci abinci ba ranar. Shi ya hau rumfa da kansa yana buga gwangwani har aka girbe abin da ya saura. Malam Tanko kuma ya ce in abin da ake koyowa ke nan, gara ya dawo ya kama fartanya. Na ba Haladu shawara ya canza aiki, ya yi agogo ko fitilar kan hanya kamar kowa. Ya ce, "Ni da birin nan sai ɗaya ya bar wa ɗaya Kuyello."

Ya gano cewa matsalar ita ce tsari: duk abin da ke da tsari biri zai haddace shi. Ana bukatar lokutan da ba su da kai ba su da gindi. Ranar da za mu koma makaranta muna tashar Birnin Gwari, sai ya zauna bakin titi da littafi yana rubuta lambar duk babbar motar da ta wuce zuwa Ikko. Motarmu ta cika ta tafi ta bar mu. Ta biyu ma haka.

"Haladu, don girman Allah mu tafi!"

"Saura arba'in. Ɗari biyu nake so."

"Me za ka yi da lambar mota?"

"Ita ce za ta gaya wa daro lokacin bugu. Yanzu minti biyu, an jima minti ashirin da bakwai. Biri bai san motar da za ta taso daga Funtuwa ba."

"In ya haddace ɗari biyun fa?"

"Sai in miƙa masa digirin, ya cancanta."

Ranar da kowa zai kare aikinsa na kammala karatu a gaban malamai aka kawo wani farfesa daga wata jami'a a kudu, mutum mai tsanani, an ce ya kayar da ɗalibai da yawa. Haladu ya shigo da akwatinsa da muciya da daron Inna, ya danna umarninsa da ka, ya koma gefe ya harɗe hannu. Muna leƙe ta taga. Minti biyar, shiru. Minti goma, shiru. Farfesa ya dubi agogo.

"Yaushe zai yi aiki?"

"Yallaɓai, ban sani ba."

"Kai ka haɗa shi ba ka sani ba?"

"In na sani ai biri ma ya sani."

Dakta ya sunkuyar da kai. Ni kam na ce shi ke nan, shekarun Haladu sun tafi a banza. Farfesa ya ja takarda ya yi wani ɗan rubutu wanda ko daga taga ka san ba alheri ba ne. Aka kawo masa shayi da biskit. Ya juya wa akwatin baya, ya miƙa hannu zai ɗauki biskit ke nan, sai GWARAM! Kofi ya yi sama, farfesa ya yi tsalle ɗaya sai ga shi a bakin ƙofa, biskit a hannu.

Haladu ya ce, cikin ladabi, "Yallaɓai, haka shi ma birin yake yi."

Sai farfesa ya fashe da dariya har yana dafa bango. Ya dawo ya yaga takardar farko, ya zauna ya yi awa guda yana yi masa tambayoyi, Haladu yana amsawa tiryan-tiryan. Shi ya fi kowa maki a ajinmu. Daminar wannan shekara kuwa Malam Tanko ya cika rumbu, har maƙwabta suna zuwa aron "yaron Haladu". Amma har ya bar duniya bai taɓa yabon abin a gaban ɗansa ba. Iyakarsa ya ce, "Daron uwarka ne mai kyau."

Sauran labarin kun san shi. Ya yi 'yan shekaru yana aiki a Kaduna, ya ce hayaniya ta yi masa yawa, ya dawo gida yana koyarwa yana gyaran rediyo.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa a cikin taro ba. Muna shekara ta biyu mahaifina ya rasu, saura kwana huɗu jarrabawa. Na rikice, ko hanyar tasha ban gane ba. Haladu ya ɗauki jakata ya shige gaba. Inda mota ta tsaya ya ari keke ya goya ni har Kakangi, ruwa na dukanmu. Ya tsaya a bakin kabari tare da dangina har aka gama addu'a, ya karɓi shebur ya zuba ƙasa. A hanyar dawowa yana tuƙa keke yana yi min bitar karatu da ƙarfi, yana tilasta min in maimaita, ina kuka ina maimaitawa. Da haka na ci jarrabawar nan.

Ni kuwa da tasa rasuwar ta zo, hanya ba ta biyuwa saboda halin da dajinmu ke ciki yanzu. Sai bayan kwana tara na samu na iso na yi wa iyalinsa gaisuwa. Wannan abu yana nan a raina.

Allah Ya jiƙan Haladu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya huta. Allah Ya raya abin da ya bari, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.