Ranar da Nura ya zo neman gafara

Ni na gina gidana a Talata Mafara, ni na sayi injin casar shinkafa, ni na mallaki gona a bakin ruwan Bakolori. Ba wanda ya ɗaga ni. Amma ɗana Nura, ba ni na cece shi ba.

Bayan la'asar ya durƙusa gabana. "Baba, ka yafe mini duk abin da na yi maka."

Yaron nan ƙwaya ta kama shi tun yana sha don ƙarfin aikin gona. Na ɗauka tuba ya yi. Na yafe, har na sa masa albarka. Ya wuce ya nemi gafarar uwarsa, ya miƙa wa ƙaninsa wayarsa kyauta.

Yayata Hajiya Kulu, da ta zo daga Morai, tana kallo. Ta ce, "Bello, azumi za a kama, ko Makka za shi? Wanga ba tuba ba ne, bankwana ne."

Ta kira shi, ta riƙe hannunsa. "Nura, gaya mini gaskiya, kana tunanin kashe kanka?"

Ya fashe da kuka. "Gwaggo, in ƙwayar ta sake ni, ji nake gara babu ni."

Ranar muka kai shi asibiti. Yanzu yana ganin likita, kwano ɗaya muke ci da shi. Alhamdulillahi.

Iyaye, wa ya taɓa ganin irin haka? Ku faɗa mana. Kuma a rubuta sunana, Alhaji Bello Mai Inji, a sahun farko na masu yi wa Yaya Kulu godiya.