Jirgin da ke ɗakin ɗan hayata

Shekarar da Allah ya nufa na gama ɗakunan haya a bayan gidana da ke Bagama, wanda ya kama na ƙarshe wani malamin sakandare ne, Kirista, mutumin Filato, yana koyarwa a Tafa. Ticha muke ce masa. Ba shi da hayaniya, kuma ba ya wuce ni bai gaishe ni ba. Amma a nan Suleja wanda ya ba baƙo ɗaki shi ke tsaya masa. In baƙo ya yi ɓarna, mai gida ake fara kira. Don haka idona na kansa, ko da ban nuna ba.

Mai walda na bakin titi ne ya fara kawo mini magana. Bayan an sauko daga Juma'a ya ja ni gefe.

"Baba, ɗan hayarka ya sa na ƙera masa wani mariƙin ƙarfe. In ka danna ya sauka, in ka saki ya tashi da kansa. Na ce na mene ne, wai na jirgi. Wane jirgi a Bagama, Baba? Ko keke napep da ƙyar yake shiga lungunku."

Daga nan 'yan acaɓa suka riƙa kawo masa kwalaye. Mai ɗakina ta je shanya ta hango wayoyi ta taga, da wasu abubuwa masu kama da agogo. Ta hana jikokinmu zuwa bayan gida. Ni ma da kunnena na ji wani gunji na fitowa daga ɗakin, kamar injin niƙa daga nesa.

Sai mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, ko dai ka gano abin da ke ɗakin nan ka tsaya masa, ko ya kwashe kayansa kafin 'yan banga su shiga da kansu."

Ban taɓa shiga ɗakin ɗan haya ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma ranar Asabar, gab da la'asar, na yi alwala na je na yi sallama.

"Shigo, Baba," in ji shi. "Da ma na ga yaran sun daina amsa gaisuwata."

Abin da na tarar wani tebur ne na katako, an shafe shi da koren fenti, an jera masa maɓallai da agogunan nan. Mariƙin da mai walda ya ƙera yana dama, wani na birki a hagu, talabijin a gaba. A cikinta rami ne mai duhu da layin dogo. Ya ce kwaikwayon mazaunin direba ne na wani tsohon jirgin ƙasa da ya yi aiki a ƙarƙashin wani birnin Turai, an daɗe da ajiye irinsa. Daga hotuna ya auna komai, ya haɗa da kwamfuta. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne, shi kuwa bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba.

Na nuna mariƙin. "Wannan fa?"

"Dole direba ya danne shi. In ya suma ko ya mutu, hannunsa zai saki, jirgi ya tsaya."

Nan take bam ya faɗo mini a rai. Na ce, "Ticha, abin da ke aiki sai an sake shi, mun sha jin labarinsa, kuma ba na alheri ba ne."

Bai yi fushi ba, sai dai fuskarsa ta canja. "To zauna ka danna, Baba, ka saki da hannunka."

Na ce ya zo ya tsaya kusa da ni, kada ya matsa wajen ƙofa. Ya tsaya har kafaɗarsa na taɓa tawa. Na yi bismillah na danna, na murɗa yadda ya nuna. Gunjin ya tashi, fitilun ramin suka riƙa wucewa. Ya ce in saki, na ƙi. Hannuna ya fara sagewa, gumi na bin wuyana, ina kallon wayoyin da ke ƙarƙashin tebur ina neman inda suka nufa.

Ana cikin haka ladan ya kira la'asar. Na riƙa amsawa a hankali. Da ya ƙare, na ɗaga hannuwana biyu don addu'a kamar yadda na saba tun ina yaro, na manta da abin da nake riƙe.

Wani huci ya fito, jirgin ya tsaya cak a cikin duhu. Shi ke nan. Akuyar maƙwabta na ta kuka a waje. Na ƙarasa addu'ata, Ticha ya jira har na shafa.

Bayan salla na je wajen mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, na tsaya masa." Ya ce to, amma in zai kunna abin ya bar ƙofa a buɗe. Ticha ya yarda, ya ci gaba da zama a ɗakin.

Yanzu mai waldan ne kan gaba wajen zuwa tuƙi ranar Asabar, yana wuce tasha ana yi masa dariya. Ni dai har yau ban gane abin da zai sa magidanci ya tuƙa jirgin da ba ya zuwa ko'ina ba, Allah ne masani. In an kawo sabon kwali, nakan fito in zauna a dakali, shi kuma ya kawo ya buɗe a gabana ba tare da na ce komai ba.